Ranar da Baiwa Ta Ƙi Yabon Wasan Rumbu

Akwai wata mata a Matameye, sunanta Baiwa, wadda in ana buga wasan lido a gidan biki ba a son ta zauna, don an san ita za ta cinye kowa. Bakinta kuma ba ya barin magana ta kwana.

Shekarar da damina ta yi gardama, sojoji kuma suka karɓi mulki, mijinta Isufu ya tafi cin rani Kano, ya bar ta da yara huɗu. Rumbunsu har ɓeraye sun yi ƙaura. Ganyen tafasa ake ci da ɗan garin rogo, wata rana ma sau ɗaya.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta aiko wani matashi daga Yamai, Muntaka, wanda ake kira Mushe, wato malam a bakin masu Faransanci, da sabon wasa na kwali wanda shi ya ƙirƙiro. Ya sa masa suna Rumbu. An zana gonaki a kai, ga kati masu hotuna, ga 'yan guntayen katako a madadin damin gero. Kafin a buga shi da yawa a raba wa 'yan lakwal, wato makarantar boko, ana so mata huɗu su gwada, a ɗauki ra'ayinsu a rakoda, a sa a rediyo. Ladan kowacce buhun gero guda.

Muntaka bai yi ɓoye-ɓoye ba. Ya ce musu buhun na wadda ta yaba ne, don shi bai sha wahalar shekara biyu ba don matan da ba su taka aji ba su zo su yi masa gyara.

Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro. Baiwa ta zauna da maƙwabtanta, Kande da Sa'a da Salamatu. Wani hafsan soja da aka gayyato ya harɗe a kujera, masu bindiga biyu a bayansa. A kwanakin nan kuwa, ko tari mutum zai yi gaban kaki sai ya yi shawara da zuciyarsa.

Ba a jima ba Baiwa ta gane kan wasan, gero ya taru a gabanta. Sai Sa'a ta ja katin fara, ta sake jan na fari, wato rashin ruwan sama, rumbunta ya ƙare ƙaf. Dokar wasan ta ce ta fita, gonarta ta koma hannun wadda ta fi kowa gero.

Baiwa ko tunani ba ta yi ba, ta tura wa Sa'a dami uku.

Muntaka ya ce haramun ne a wannan wasa. Ya mayar da katakan, ya ɗora wa Baiwa gonar Sa'a, ya ce a tafa mata, ta yi nasara. Sa'a ta yi 'yar dariya, amma idonta ya kawo ruwa, don wata biyu ke nan da ta jinginar da gonarta ta gaske.

Aka zo ɗaukar murya. Salamatu ta yaba, Kande ta yaba, Sa'a ma ta yaba kanta a sunkuye. Ban ga laifinsu ba, yunwa ba kanwar lasa ba ce.

Sai rakoda ta iso gaban Baiwa. Tana hango buhunan jingine da bango, tana tuna autanta da ta bari yana kuka. Ta fara da abin da yake gaskiya: kwalin yana da ƙwari, hotunan sun yi kyau, wasan ba ya sa barci, yaro zai iya koyonsa kafin fura ta jiƙa. Muntaka sai gyaɗa kai yake.

Sannan ta ce, "Amma kada a kai shi lakwal. Wasan da sai maƙwabciyata ta mutu da yunwa zan ci, ban yarda 'ya'yana su iya shi ba. Mu nan da tiyar hatsin juna muke kaiwa damina."

Muntaka ya kashe rakoda. Ya rage murya ya tambaye ta ko ta san gaban wa take magana.

"Na sani, Mushe," in ji ta. "Shi ya sa na ɗaga murya, don ya ji."

Hafsan ya dubi agogonsa kawai. Muntaka ya ba ta dama ta sake faɗa yadda ya kamata. Ta ce yadda ya kamata ta faɗa. Nan take ya ja biro ya soke sunanta.

Aka miƙa buhu uku. Baiwa ta tashi ta kaɗe zane, ta kama hanya ba ta waiwaya ba, tana tunanin abin da za ta ce wa yara.

Kande ce ta kira ta. A nan gaban soja da kowa ta kwance bakin buhunta, ta ce Sa'a ta shimfiɗa mayafi. Muntaka ya taso ya ce ba a yarda a raba ba.

Kande ta dube shi ta ce, "Ɗana, ba mu ka yi, ko aro ka ba mu? In ba mu ka yi, to ai namu ne."

Salamatu ta kwance nata, Sa'a ma haka. Suka yi ta zubawa har geron ya tashi kashi huɗu daidai. Baiwa da ba a taɓa ganin hawayenta ba ta durƙusa tana ɗaure mayafin, tana share hawaye. Ranar gida huɗu aka ji ƙarar turmi.

Darasi: Kada yunwa ko tsoro su sa ka yabi abin da ka san zai ɓata tarbiyyar 'ya'yanka. Gaskiya tana iya raba ka da buhu guda, amma wanda ya tsaya wa maƙwabcinsa ba zai kwana da yunwa shi kaɗai ba. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani ya samu ƙarfin gwiwar faɗin tasa.