Makullin da Baba Mai Rijiya Ya Jefa

Akwai wani dattijo da kowa a unguwarsu ke kira Baba Mai Rijiya. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kuma aiki ya kai su nesa, sai dai waya jefi-jefi. Gidan babba ne, amma ɗaki ɗaya kawai ake buɗewa.

Abin da ya hana kaɗaici cinye shi ita ce rijiyar da ke tsakar gidansa. Famfon unguwar sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka tun da sassafe ƙofar Baba a buɗe take. Mata da bokitai, yara da jarkoki, ga ƙarar guga, ga gardama kan wa ya riga wa zuwa. Shi kuwa yana kan bencinsa yana raba faɗa, yana tsokanar kowa. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Hayaniyar nan ita ce abincin ransa.

Cikin masu zuwa akwai Uwar Tagwaye, mai baki kamar reza.

"Baba, igiyar gugan nan ta girme ni. Ka canza ta mana!"

"Ke ma kin kwana biyu a duniya, an canza ki ne?"

Sai kowa ya kwashe da dariya.

Wata rana ma'aikatan hukumar ruwa suka zagaya unguwar suna ɗiban ruwan rijiyoyi a 'yan kwalabe don awo. Bayan kwanaki wata jami'a ta dawo, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ruwan ya gurɓace. An haƙa masai dab da katangarka ta baya, yana tsatsafowa cikin rijiyar."

"'Yata, ruwan nan fa garai-garai yake."

"Ido ba ya ganin abin da ke ciki, Baba. Cikin yaro ne zai gani."

Ma'aikatan suka ɗora murfin ƙarfe, suka sa kwaɗo, suka zana jan fenti a kai. Haka suka yi wa rijiyar Mai Kanti da ke layin baya. Da za ta tafi, jami'ar ta miƙa wa Baba makullin.

"Gidanka ne, ba za mu tafi da makullin gidan mutum ba. Amana ce. Tanka za ta riƙa kawo ruwa kafin a ja sabon bututu."

To, kun dai san tankar hukuma. Yau ta zo, gobe an ce taya ta fashe. Ba a jima ba mutane suka dawo ƙofar Baba, Uwar Tagwaye a gaba.

"Baba, buɗe mana. Wanki kawai za mu yi, ba sha ba."

Shekaru Baba ya yi a kan bencin nan, ya san abin da ake kira wanki kawai. Ya sha ganin tagwayenta sun kafa kai cikin guga suna kwankwaɗa kafin ta waiwayo.

"Ku yi haƙuri, ba zan buɗe ba."

"Au! Yanzu kai ma ka zama ɗan hukuma? Ruwan da muka sha muka girma shi ne yau ya zama guba? Allah ya ba ka haƙuri, ka jiƙa rijiyarka ka sha."

Ta juya, sauran suka bi ta.

Shi kuwa Mai Kanti bai ɓata lokaci ba, ya buɗe tasa a ɓoye. Duk hayaniyar ta koma layin baya.

Daga nan gidan Baba ya yi tsit. Kullum da safe sai ya share tsakar gida, ya fito da benci, ya buɗe ƙofa kamar yadda ya saba. Babu mai leƙowa. Gugan yana rataye a ƙusa har ya bushe ya tsage. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yana jiyo dariyarsu ta kan katanga, yana gane muryar kowa ɗaya bayan ɗaya.

In tanka ta zo, shi ma jarka yake ɗauka ya bi layi. Mutanen da suka yi shekaru suna shan ruwan gidansa sai su kau da kai. Ya kira babban ɗansa don ya ɗan rage zafi, ɗan ya ce, "Baba, ina cikin taro, zan kira ka." Bai kira ba.

Gaskiya kaɗaici ya gallabe shi. Wata safiya ya ɗauko makullin daga ƙarƙashin matashi, ya je ya buɗe kwaɗon, ya ɗaga murfin. Sanyin ruwa ya bugi fuskarsa. Ya san in ya jefa guga sau ɗaya, ƙararsa kaɗai za ta cika masa gida kafin rana ta ɗaga.

Ya daɗe yana kallon fuskarsa a cikin ruwan. Ya gane cewa muddin makullin nan yana hannunsa, wata rana zai gaza.

Sai ya saki makullin cikin rijiyar. Ya mayar da murfin, ya danna kwaɗon ya kulle. Ya koma kan benci ya zauna, hawaye na zuba, babu ko mai ce masa sannu.

Da wani maƙwabci ya sake zuwa roƙo, Baba ya nuna murfin ya ce, "Makullin yana ciki." Labari ya bazu cewa tsoho ya fara ruɗewa.

Ruwan sama na farko da aka yi, amai da gudawa suka ɓarke a gidajen da ke ɗiba a layin baya. Aka kwashi yara zuwa asibiti, har da ɗaya daga cikin tagwayen. Kwanaki uwarsa ta yi a gefen gado tana kallon ledar ƙarin ruwa tana ɗiga. Allah ya sa yaron ya tashi.

Bayan an sallamo su, Baba yana zaune sai ya ji sallama. Uwar Tagwaye ce, da bokitin ruwan tanka a ka. Ta wuce ta juye masa a randa. Sannan ta zo ta zauna a ƙarshen bencin, kanta a sunkuye.

"Baba, bakina ya cuce ni. Ka yafe mini."

"Yaya jikin yaron?"

"Da sauƙi."

"To shi ke nan. Gobe ki zo da su, na yi kewar ɓarnarsu."

Da hukuma ta ja sabon bututu, jami'ar nan ta tara mutanen unguwa ta tambayi inda za a kafa famfon da kuma wanda zai riƙe makullinsa. Kafin kowa ya buɗe baki, Uwar Tagwaye ta ce, "A ƙofar Baba. Amma don Allah a ɗaura wa makullin igiya a rataya masa a wuya, shi jefarwa yake yi!"

Aka yi dariya, har da Baba. Bayan an kafa famfon, washegari da sassafe ya fito da bencinsa waje, ya tarar an riga an fara gardama kan wa ya riga wa zuwa.

Darasi: Wanda ya hana ka abin da zai cutar da kai ba maƙiyinka ba ne, wataƙila shi ya fi kowa jin zafin hanin. In an ce ruwa bai da kyau, kada mu biye wa ido, mu kare yaranmu. Kuma in akwai dattijon da ya riƙe amana muka juya masa baya, mu je mu gaishe shi tun yana raye. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta su ma su karanta.