Batirin da Ya Fi Ƙarfin Aro

Akwai wani direba a wani ƙauye kusa da Makoda, sunansa Hashimu. Yana da wata tsohuwar bas da yake kai mutane kasuwa da ita. Motar ta ga jiya ta ga yau, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Kuma ba ƙarfinta ne ya sa ba. Direbobin garin suna da wata al'ada: batir na kowa ne. In naka ya yi sanyi da safe, maƙwabci zai kwance nasa, ka ɗaura, ka tayar da motarka, ka zare masa abinsa ka mayar da naka. Tsofaffin motocin nan in sun riga sun tashi, ko an cire batir ba sa mutuwa.

Wanda Hashimu ya fi ara a wurinsa shi ne Badaru, mai akori-kurar da ke kai wa manoma taki gona. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Sau da yawa Badaru bai gama shan koko ba zai ji, "Badaru, a taimaka da ɗan baƙin nan." Ba ya ko tambaya. Sipana kawai yake miƙowa.

Sai wata shekara gyaɗa ta yi kyau. Lodi ya yi yawa, Hashimu ya samu kuɗi, ya shiga Kano ya dawo da sabon batir, irin wanda ake kira litiyam. Ɗan ƙarami ne, da hannu ɗaya ake ɗauka, ba a zuba masa ruwa.

Mai shagon bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "Wannan ba ya son caji ya yi masa yawa. Motarka tsohuwa ce, ka kai a duba altanetarta, tunda ita ke ba batir wuta. In wutar ta wuce ƙima, rufe kansa yake yi, ba sallama."

Hashimu ya ce to. Irin to ɗin da ake cewa don a rabu da mutum.

Ya ɗaura batir, ya taɓa makulli, mota ta tashi kamar an tsikare ta. Daga ranar kan Hashimu ya kumbura. Ko ba inda za shi, sai ya tayar da ita a gaban majalisa, ya kashe, ya sake tayarwa.

Wata safiya motar Badaru ta ƙi tashi. Ya zo da sipanarsa, ya tarar da Hashimu cikin mutane a wajen mai shayi.

"Hashimu, yau ni ne a ƙofarka. A ara mini baƙon nan."

Da Hashimu ya ce tsoro yake kar abin ya lalace, da ba mai ganin laifinsa. Amma sai ya ce, "Haba Badaru. Wannan ba irin na aro ba ne. Batirin birni ne, bai saba da warin taki ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka dubi ƙasa. Badaru ya mayar da sipana aljihu ya ce, "Allah ya sa alheri." Ya je ya nemi masu turi.

Maganar ta riga Hashimu isa gida. Matarsa Larai ta ce, "Baban Abba, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari."

Ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki."

Ana nan, damina ta kusa, sai ga waya da sassafe: mahaifin Larai, Malam Sama'ilu, ya rasu a ƙauyensu. Ita ce babbar 'yarsa. Yayanta ya ce za su jira ta zuwa hantsi, ta ga fuskarsa ta yi masa addu'a kafin a rufe likkafani. Fiye da haka ba za a jira ba, gawa ba ta jira.

Aka cika bas da dattawa da mata, aka kama hanya. Sun shiga tsakiyar gonaki ke nan sai wani ƙauri ya taso, motar ta yi shiru. Hashimu ya murɗa makulli. Ko ƙyas. Tsohon batir in zai mutu yakan yi ta nishi kwana da kwanaki. Wannan bai ce uffan ba.

Dattawa suka sauka suka tura, ba ta tashi ba. Suka sake turawa har hulunansu suka jiƙe.

Can nesa, a wata gona, ana hango akori-kurar Badaru ya kawo taki. Wani dattijo ya ce, "Ga Badaru can, a kira shi mana."

Hashimu ya ce, "A'a Baba, waya ce ta ɗan saki. Yanzu za ta tashi."

Wani mai babur ya tsaya ya tambaya ko lafiya. Larai ta ce bari ta hau ta yi gaba. Hashimu ya ce, "Matata a kan babur, ga mota a tsaye? Wuce abinka, mun gode."

Rana ta yi ta ɗagowa, shi kuwa yana ta taɓa wayoyin da bai san kansu ba. Ba motar yake gyarawa ba. Bakin da zai kira Badaru da shi ne ba shi da shi.

Da Larai ta ga haka sai ta gyara hijabinta ta sauka. Ba ta dube shi ba. Ta ratsa gonaki da ƙafa har wajen Badaru.

Badaru bai tsaya sauke sauran takin ba. Ya zo ya leƙa injin, ya shinshina, ya ce, "Altaneta ta ƙone." Ya bar motarsa a kunne, ya kwance batirinsa, baƙin nan mai nauyi, ya ɗaura wa Hashimu. "Wannan zai kai ku. Ina biye, ko da wani abu."

Hashimu ya buɗe baki. Badaru ya ce, "Ja mota, ana jiranku."

Amma an gaji da jira. Suna karya kwanar gidan suka ga makara a waje, an riga an yi sahu. Ta tagar mota Larai ta ga mahaifinta, a naɗe. Mata suka riƙe ta suka shigar da ita gida.

Hashimu da Badaru suka shiga sahun baya. Ana sallah, wuri ya yi tsit, ba abin da ake ji sai ƙugin akori-kura da Badaru ya ajiye can nesa saboda wari. Ba halin kashe ta, ba batir a cikinta.

Da aka idar, yayan Larai ya juyo rai a ɓace. "Motar wa ce wannan? Ko don gawa ba za a kashe ta ba?"

Badaru ya ce, "Tawa ce, ku yi haƙuri. Tsohuwa ce, in na kashe ba ta tashi."

Hashimu na tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi. Duk wanda ya zo a bas ɗin ya juyo ya dube shi. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige.

Larai ta yi kwanakin zaman makoki ta dawo. Hashimu ya yi ta jiran faɗa, faɗa bai zo ba. Ta ajiye masa tuwo, ta zauna gefe. Can ya ce, "Larai, ki yafe mini."

Ta ce, "Allah ya yafe mana." Sannan ta ƙara da cewa, "Yaya ya ce fuskarsa ta yi kyau. Ni dai sai labari."

Tuwon nan a kwano ya kwana.

Darasi: Sabon kaya ba laifi ba ne, amma in an ce ka duba tsohuwar motarka kafin ka ɗaura, ka duba. Wanda ya tashe ka jiya, kada ka yi masa dariya yau. In kuma ka yi kuskure, ka buɗe baki da wuri, don girman kai ba mai shi kaɗai yake ci ba, har da na kusa da shi. Ku tura wa 'ya'yanku da jikokinku, musamman wanda ya sayi sabon abu ya daina gaida maƙwabta.