Zabiyar da Aka Hana wa Ragon Suna

Ku gyara zama, yau da gardama na zo muku.

Shekara tara Lantana tana gidan Mati maƙeri, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Da Allah ya kawo rabo, sai ga 'ya mace fara sol, zabiya, alhali ita da mijin baƙaƙe ne wuluk. Mati ya leƙa zane sau ɗaya ya ce, "Wannan ba jinina ba ce. Ba rago, ba suna." Wayyo Lantana! Ga jego, ga zargi, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Yana neman takardar rubuta saki, Iya Gaje ungozoma ta tare ƙofa. Ta ce, "Kai Mati, ni na yanke maka cibiya. Albarkacin hannun nan, ka ba ni kwana shida." Ya ajiye biro yana huci.

Sai ƙanwarsa Asabe, malamar kimiyya, ta zube masa gurjiya fara da baƙa a faifai. Ta ce, "Yaya, kowa iri biyu yake ɗauke da shi, na uwa da na uba. Baƙin yakan danne farin, ya ɓoye shi. Sai farinka ya gamu da farin Lantana a haifi zabiya." Gogan ya gane sarai, amma ya kafe: "A danginmu wa ya taɓa ganin zabiya?"

Gwaggo Tasalla, yayar mahaifinsa, tana jin haka ta miƙe. Da ciwon gwiwarta ta hau motar kasuwa, ranar kwana na shida ta dawo riƙe da hannun wani dattijo zabiya. Ta ce, "Ga baffanka, cikinsu ɗaya da ubanka. Kunya ta sa aka kai shi ƙauye, muka ce ya mutu. Ni na goya shi na kai." Dattijon ya karɓi jaririyar, ya kawo ta dab da idonsa, ya ce, "Ita kam kada ku kai ta ko'ina." Mati ya durƙusa gaban Lantana yana kuka kamar yaro.

Washegari aka kawo rago. Mati ya ce Lantana ta zaɓi wadda za a yi wa takwara. Baiwar Allah ta dubi matan nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Ga wadda ta tsayar da saki, ga wadda ta buɗe masa kai, ga wadda ta tona asirin gidansu don ta wanke matar wani. To, jama'a, 'ya ɗaya ce: sunan wa za a raɗa mata?