Ɓuntu a Cikin Jinga

A wani ƙauye da ake kira Gangaren Tsamiya, cikin ƙasar Roni, an yi wani ɗan kasuwar hatsi mai suna Maikasuwa. Ranar kasuwa aka haife shi, sunan ya bi shi, sana'ar ma ta bi shi. Mutum ne mai fara'a da iya magana, kuma ba shi da rowa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: son jiki da aikin ganin ido. In jama'a na kallo, shi ne kan gaba, ya naɗe hannun riga yana ba da umarni. Da zarar idanu sun kau, sai ka neme shi a inuwa. Yana son a san shi ƙwarai, har kowane buhu nasa sai ya rubuta sunansa a jiki da jan fenti, wai don kada kayansa su cakuɗe da na wasu a motar kasuwar Babura.

Akwai kogi da ya kewaye garin ta yamma. Da rani yashi ne zalla, amma da damina, in aka sheƙa ruwa a kan duwatsu, sai ya taho da fushi. Saboda haka tun zamanin kakanni aka yi jinga, wato dogon tudun ƙasa tsakanin kogin da gidaje. Kowace shekara kafin ruwan farko ana kiran gayya a gyara ta. Maza su cika buhuna da yashi su jera a wuraren da suka zaizaye, su rufe da ƙasa su daddale, mata kuma su aiko da kunu da fura. A irin wannan rana Maikasuwa yakan ɗauki buhu biyu a gaban dattawa, ya raba goro, ya koma gida da yabo.

Sai ga shekarar korona. Aka kafa dokar kulle, aka rufe kasuwanni da makarantu, aka hana taro. 'Yan acaba suka jingine baburansu. Mata suka koma musayar daddawa da barkono ta kan katanga, maza kuwa kowa ya rungumi rediyo yana jin adadin waɗanda cutar ta kama. Ana cikin haka azumi ya shigo, ba tafsiri, ba buɗe-baki a ƙofar gida kamar yadda aka saba. Garin ya yi tsit, abin ba daɗi, ga damina tana matsowa ba ruwanta da wata doka.

Mai unguwa Muhammadu Lawal, dattijo ne mai hangen nesa, ya ga gayya ba za ta yiwu ba. Sai ya ɗauki igiya da turaku, ya auna jingar, ya kasa ta gida-gida. Sa'annan ya ɗaura takunkumin fuska ya bi ƙofa-ƙofa yana sanarwa. Da ya iso gidan Maikasuwa sai ya tsaya daga nesa ya ce, "Bana kowa zai yi nasa shi kaɗai. Kasonka shi ne gwiwar kogi, inda ya lanƙwasa, bayan gidan mahaifinka. Ka san nan ne ruwa ya fi duka, sai ka dage."

Maikasuwa ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ko ba ka faɗa ba. Inna ce fa a gidan."

Gaskiya ya faɗa. Shi ya daɗe da gina gidan siminti a kan tudu, amma mahaifiyarsa, Inna Abu, ta ƙi barin ɗakin ƙasar da mijinta ya bar ta a ciki. Tsakanin bangon ɗakinta da jingar bai fi taku ashirin ba.

Washegari ya fita da shebur da buhuna. 'Yan ƙwadagon da ya saba ɗauka daga ƙauyukan ƙasar Gwiwa doka ta tsare su, mutanen gari kuma kowa na fama da nasa. Ya cika buhu uku da yashi, ya hauro da su daga cikin kogi da ƙyar. Ga rana, ga ƙishirwar azumi, ga baya yana ciwo. Ya zauna yana haki, ya dubi ramin da ya rage, ya ga zai ci buhu arba'in. Ya waiga dama da hagu, ba kowa kusa balle a yaba masa. Nan take zuciyarsa ta karaya.

A hanyarsa ta komawa gida ya bi ta bayan injin gyaran shinkafa na Monday, wani mutumin Filato da ya shekara ashirin a garin, wanda kasonsa na jinga ke maƙwabtaka da na Maikasuwa. Bayan injin an tara ɓuntun shinkafa tsibi guda. Maikasuwa ya tsaya yana kallonsa, wata dabara ta faɗo masa. Buhun ɓuntu da buhun yashi, in an ɗaure baki an rufe da ƙasa, wa zai bambance?

Ya yi sallama ya ce, "Monday, ɓuntun nan naka ina so in kwasa."

Monday ya yi dariya ya ce, "Kwashi, Alhaji, ka rage mini aiki. Amma me za ka yi da shi, kai da ba ka kiwon kaji?"

"Gona zan kai, taki ne."

Da tsakar rana, lokacin da azumi ya kwantar da kowa a inuwa, Maikasuwa ya riƙa ɗura ɓuntu a buhunansa. Da hannu ɗaya yake ɗaga buhu. Ya jera su a ramin, ya ɗora ukun nan na yashi a sama, ya lulluɓe da ƙasa ya shafe sumul. Aikin da ya ci wa wasu kwana goma, shi a kwana biyu ya gama. Mai unguwa ya zo ya duba daga ƙasa, ya ce madalla. Inna Abu kuwa ta fito da sandarta ta ga wurin, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Maikasuwa. Yanzu hankalina ya kwanta." Maganar ta ɗan sosa masa rai, amma kafin a sha ruwa ya manta.

Aka yi salla ba shagali, ruwa ya sauka, aka yi shuka. Sannu a hankali aka sassauta doka, kasuwanni suka buɗe, Maikasuwa ya koma harkarsa kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ran nan Monday ya same shi a ƙofar gida, ya ja shi gefe ya rage murya.

"Alhaji, jiya na bi ta kan jinga. Da na taka kasonka sai na ji ƙafata ta lotsa kamar na taka katifa. Don Allah faɗa mini gaskiya, ɓuntun nan gona ya je?"

Fuskar Maikasuwa ta canja. Ya ce, "Me kake nufi? Ni za ka tuhuma?"

"Ba tuhuma ba ce. Ni ma iyalina suna ƙasan jingar nan. Ka zo ni da kai mu tone mu canja, kwana uku mun gama, ba wanda zai ji."

Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe masa, amma girman kai ya hana shi shiga. Ya ce, "Sabuwar ƙasa ce take zama. Ka je ka kula da injinka." Monday bai haƙura ba, ya kai magana wurin mai unguwa. Da aka kira Maikasuwa sai ya rantse cewa yashi ne, ya tura baro biyu na ƙasa ya ƙara a sama, aka bar zancen.

Sai dai tun daga ranar bai sake samun natsuwa ba. Duk sanda hadari ya haɗo sai ya tuna da jingar. Kullum yana ce wa kansa zai gyara bayan kasuwa mai zuwa, kasuwa ta zo ta wuce. Da abin ya ishe shi sai ya je wurin mahaifiyarsa ya durƙusa.

"Inna, ki dawo wurina kan tudu, ko zuwa kaka ne. Ruwan bana da yawa."

Ta dube shi tana murmushi ta ce, "Me zai tashe ni? Shekara hamsin ina nan kogin bai cinye ni ba. Ba kai ka gyara jingar da hannunka ba?"

Kalma ɗaya ta rage ya faɗa, da ta tashi. Ya buɗe baki, ya tuna albarkar da ta sa masa, ya ji ba zai iya kallon idonta yana cewa ƙarya ya yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Inna." Ya tashi ya tafi.

A ƙarshen watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu gari ya waye da sauƙi, Maikasuwa ya ɗora kaya ya tafi Babura. Da hantsi yana cikin ciniki wayarsa ta yi ƙara. Muryar Monday ce: "Alhaji, ka taho yanzu. Jinga ta ɓalle a gwiwar kogi."

Bai san yadda ya bar kayansa ya hau acaba ba. Kafin ya iso, la'asar ta kusa. Gangaren garin duk ya zama tafki. Gidaje tara sun zube, har da na Monday, gero da ya fara fitar da kai ya kwanta cikin laka. An kwashe mutane zuwa makarantar firamare da ke kan tudu. Ko'ina jingar ta tsaya daram, sai wuri ɗaya.

A bakin filin makarantar ya ga maza sun yi cirko-cirko suna kallon wani abu. Buhuna ne ruwa ya kwaso suna yawo a sama, suka maƙale a jikin shinge, kowanne da sunansa da jan fenti. Ko yaro ya san buhun yashi ba ya tasowa kan ruwa. Mai unguwa ya jawo ɗaya, ya sa wuƙa ya farke, jiƙaƙƙen ɓuntu ya zubo a ƙafafun Maikasuwa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga murya. Dattijon ya ninke wuƙarsa ya ce, "Shiga aji na biyu, mahaifiyarka tana nemanka."

Bangon ɗakinta ne ya faɗo mata a ƙirji. Monday da wasu maza suka tono ta suka ɗauko ta a kan ƙyaure. Tana kwance a tabarma tana numfashi da ƙyar, ana jiran motar da za ta kai ta asibiti a Kazaure. Da ta ga ɗanta yana hawaye sai ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Kada ka yi kuka, Maikasuwa. Kogin bana ne ya fi ƙarfin kowa. Kai ka yi iya yinka, da bakin azumi, na gani da idona. Allah ya yi maka albarka."

Matan da ke ɗakin suka sunkuyar da kai. Duk sun ga buhunan, amma ba wadda ta iya faɗa mata. Shi ma bai iya ba. Inna Abu ta cika a cikin mota kafin a kai Kazaure, tana ganin ɗanta mai gaskiya ne.

Aka yi jana'iza, aka yi masa ta'aziyya kamar kowa. Ya taimaka aka sake gina gidajen da suka rushe, ya fara da na Monday, amma bai sake rubuta sunansa a jikin buhu ba, fara'ar nan kuma ta tafi. Da shekara ta zagayo aka kira gayya kamar da, shi ya riga kowa isa kogi. Ya yi ta cika buhuna yana haurowa da su har bayansa ya sage. Duk buhun da ya ajiye, sai wani ya zo a hankali ya kwance bakin ya leƙa ciki kafin a jera shi. Yana gani, sai ya juya ya koma kogi ya ɗauko wani.

Darasin wannan labari shi ne, aikin da mutum ya yi inda ba mai ganinsa, shi ne ainihin halinsa. Amanar jama'a ba ta sauka daga wuyanka don ido ya kau, kuma ha'incin da ka binne yau akwai ranar da ruwa zai tono shi. In ka yi kuskure aka nuna maka hanyar gyara, ka karɓa tun da wuri, domin kunyar faɗin gaskiya ta ɗan lokaci ce, nadama kuwa har kabari. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma sau da yawa kafin ya doke shi, sai ya fara da wanda ya fi ƙauna.