Bencin da Hamoonga Ya Fitar Waje

Akwai wani kansila a kudancin Zambiya mai suna Hamoonga, mai garken shanu ne, kuma bakinsa ba ya raga wa kowa. Kujerun majalisar gundumarsu tara ne. Biyar na jam'iyyarsa ta Tulu, huɗu na 'yan adawa.

Ƙa'idar majalisar ita ce, in kansila ya kawo ƙorafi, sai wani ya miƙe ya mara masa baya kafin a tattauna. In ba wanda ya miƙe, magana ta mutu ke nan.

A bencin 'yan adawa akwai Bina Choolwe, tsohuwar malamar makaranta. Ko wa ya kawo ƙorafi sai ta miƙe ta ce a saurare shi. Saboda ita, zaman awa ɗaya kan kai la'asar, tuwon nshima ya huce a gida. Gyaran gada ɗaya sai da aka shekara biyu ana ja-in-ja a kansa.

"Inna, wai ke ƙafafunki ba sa gajiya ne?" in ji Hamoonga.

"Kunnuwanku dai ke gajiya, ɗana," ta ce.

Da zaɓe ya zo, Hamoonga ya yanka bijimai biyu, ya bi gida-gida har mazaɓarta yana cewa ita ce ke hana ruwa gudu. Tulu ta cinye kujeru tara cif. Ranar rantsuwa, shi da kansa ya ɗauki bencin 'yan adawa a ka, ya dire shi waje gindin mangwaro, ana ta shewa.

Aiki kuwa ya yi sauri, wannan ba ƙarya. Cikin wata uku aka gama gada.

A shekara ta biyu, shugaban majalisa Siamalambo ya karanta takarda daga uwar jam'iyya. Za a ba wani babban mutum filin da ya kewaye madatsar ruwan mazaɓar Hamoonga, ya kafa gona ya ja shinge. Da rani, nan kaɗai shanun ƙauyuka shida ke shan ruwa, har da nasa.

Hamoonga ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ina da ƙorafi. In aka ja shingen nan, shanunmu sun ƙare."

"An ji. Wa ke mara masa baya?"

Ba wanda ya miƙe. Abokinsa Milimo, wanda da safen nan ya dafa ƙirji ya ce yana tare da shi, ya duƙufa kallon takalminsa. Kowa ya san wanda ya miƙe yau ba zai sake ganin tikitin jam'iyya ba.

Hamoonga ya waiwaya hagu kamar yadda ya saba. Ba komai a wurin sai sawun ƙafafun benci a kan siminti.

"Magana ta mutu," in ji Siamalambo. "Abu na gaba."

Aka ja shinge. A ranin nan shanu suka riƙa wuni a hanya kafin su kai kogi. Goma sha ɗaya suka faɗi daga garken Hamoonga, wasu maƙwabtansa kuwa ko saniya ɗaya ba su tsira da ita ba. Mutanen da suka ci naman bijimansa suka daina amsa gaisuwarsa, abin ya yi masa ciwo matuƙa.

Wata rana ya fito daga zama, ya tarar da Bina Choolwe a kan bencin nan tana sayar da gasasshiyar masara.

"Inna, kin ji abin da aka yi mana?"

"Ina nan ranar, ta taga na ji ka. Har na miƙe."

"Kin miƙe?"

"Sabo ne. Sai dai miƙewar waje ba a ƙirga ta." Ta matsa gefe. "Zauna, ɗana. Ai ka san bencin, kai ka kawo shi."

Darasi: Majalisar da ta rabu tana da jinkiri da ciwon kai, amma wadda ta zama baki ɗaya ba ta da mai ce mata tsaya. Kada ka kori mai ja da kai, domin ranar da naka suka juya maka baya, shi kaɗai zai miƙe. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu murnar cinye duka.