Ranar da Fanis Ya Sauke Gogensa

Akwai wani makaɗin goge ɗan birnin Kazan na ƙasar Rasha, sunansa Fanis. Gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Matsalarsa ɗaya ce: ya san shi gwani ne, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Abokiyar aikinsa Rezeda ce, mai kaɗa piyano, ta girme shi da 'yan shekaru, shi ya sa yake ce mata apa, wato yaya. Tare suke yawon ƙasashe da kiɗan ƙabilarmu ta Tatar, tsofaffin waƙoƙin ƙauye da aka gyara don manyan zauruka, irin wuraren da ko tari ka yi sai an harare ka.

Da suka zo Finland, Tatar ɗinmu mazauna birnin Helsinki suka gayyace su ƙaramin zauren al'umma ranar Lahadi bayan azahar. Fanis ya tura baki.

"Rezeda apa, ni fa ban ƙare ƙuruciyata a makaranta don in yi wa tsofaffi kiɗa suna taunar cak-cak ba." Cak-cak wani soyayyen fulawa ne da ake kwaɓawa da zuma.

"To kar ka ci," in ji ta. "Ni zan cinye naka."

Abin da ya sa ya yarda, an gaya masa wata Marketta, mai shirya babban bikin kiɗa na shekara-shekara, za ta zo ta saurare su. Gurbi ɗaya ya rage mata. In ta ɗauke su, sun haye.

Ranar ta zo, zaure ya cika. A layin gaba aka ajiye wata tsohuwa a keken guragu, Zahida ebi, wato kaka Zahida, da 'yarta Naila a gefe. Ciwon mantuwa ya daɗe da cin tsohuwar. Ba ta gane kowa, ba ta magana, sai kallon bango.

Suka fara da masu sauri, aka yi tafi. Sannan suka shiga wata doguwar waƙa mai jan rai, irin wadda iyaye mata ke rerawa a ƙauye. Fanis ya lumshe ido yana jan goge, yana satar kallon Marketta ta ƙasan gashin ido.

Sai wata murya ta shigo. Siririya, tana rawa, tana baya da kiɗan. Zahida ebi ce.

A wurin mutanenmu, in tsohuwa ta bi ka da waƙa, ta gama yabonka ke nan, ya fi tafi. Yaron goye ma ya san wannan. Amma Fanis ya daɗe a manyan zauruka har ya manta gidan da ya fito.

Ya sauke gogen.

"Wa ya kawo tsohuwar nan? Nan gidan biki ne? A fitar da ita, ko ni in fita!"

Tsohuwa ta firgita, ta katse waƙar, ta ƙanƙame bargonta.

Rezeda ba ta ɗaga hannu daga piyano ba. Ta koma farkon baitin, ta rage sauri, ta sauko da sautin daidai muryar tsohuwar, tana maimaitawa a hankali kamar mai lallashin yaro.

"Apa, tsaya mana!" in ji Fanis.

"Ai kai ka tsaya, ya isa."

Can muryar ta dawo. Tsohuwa ta ja waƙar har ƙarshe, wasu tsofaffin suka kama mata. Da ta gama ta juya, ta dubi 'yarta, ta ce da yaren Tatar: "Naila, 'yata, shayin ya huce?"

Naila ta fashe da kuka. Rabon da uwar ta kira sunanta har ta fid da rai.

A teburin shayi Marketta ta wuce Fanis kamar ba ta gan shi ba, ta zauna kusa da Rezeda.

"Za ki iya samo wani mai gogen?"

Fanis ya yi tsalle ya shiga maganar. "Ni fa ban yi kuskure ko ɗaya ba!"

"Gaskiya ne," in ji Marketta. "Masu kiɗa ba kuskure sun yi min yawa. Mai kunne nake nema."

Rezeda ta roƙa masa, ta ce zafin kai ne na ƙuruciya. Marketta ta shanye shayinta, ta ce ta gama magana.

Kafin su bar ƙasar Fanis ya sayi cak-cak, ya ɗauki gogensa, ya tafi gidan kula da tsofaffi inda Zahida ebi take. Ya durƙusa gabanta.

"Ebi, ki yafe min. Ga waƙarki, ki rera yadda kike so."

Ya kaɗa. Ya sake kaɗawa, a hankali, yana jira. Bai taɓa kaɗa ta da kyau kamar ranar ba.

Tsohuwa tana kallon taga. Can ta ce wa wata ma'aikaciyar gidan, da yaren Finland, a rufe ƙofa, wani yana damun ta da ƙara.

Bikin kuwa Rezeda ta je shi, da wani mai gogen.

Darasi: Gwaninta ba ta da amfani in ta toshe maka kunne. Wanda ka wulaƙanta yau don ka burge wani, ba lallai ka same shi gobe a inda zai ji ban haƙurinka ba. Ku tura wa wanda kuka san kansa ya fara girma, tun bai sauke nasa gogen ba.