Sunan Wa Za A Sa Wa Ɗan Mudi?

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan. Ga ta nan, amma ba ta gizo ba ce. Lantana ce ta fara gaya mini, uwar Mudi leburan nan na bayan gidanmu, tana faɗa tana share hawaye da bakin mayafi. Matar Mudi ta haihu, namiji, jibi suna, kuma ya rantse sunan wanda ya ceci ransa zai sa wa yaron. To, mutum uku ne, jariri ɗaya.

Kamfanin da ke yin hanyar bayan gari ya kakkafa kyamara ko'ina, a kan dogayen ƙarafa, a gaban mota, a bayan mota. Wai don tsare rayukan ma'aikata. Madalla. Amma ko rumfar kara ba su kafa wa bayin Allah ba, kuma duk wanda idon nan ya kama a zaune sau uku, sai ya tattara nasa ya nasa. Shi ke nan, magidanta da gemunsu suka koma neman lungun da kyamara ba ta gani, kamar ɓeraye.

Ranar da abin ya faru, Mudi ya tashi da zazzaɓi, ga shi an riga an rubuta sunansa sau biyu. Da rana ta take, ya rarrafa cikin wani bututun kwalbati da aka shimfiɗa a rami, ya kwanta. Ɗaya bakin dama an cike shi. Tifa ta zo da baya, ta juye jar ƙasa, ta toshe wanda ya rage. Rola kuma na tafe za ta danne.

Ta farko Kande ce, mai sayar musu da shinkafa da wake. Ita ta ba shi shawarar, da ta ga yana rawar ɗari ta ce ya shiga kwalbati, can ba mai ganinsa. Amma ita kaɗai ta lura an yi azahar bai zo cin abinci ba, ga takalmansa a ƙarƙashin bencinta. Ta ruga wajen manaja.

Ya ce, "Hajiya, koma wajen tukunyarki. Gida ya gudu."

Ta ce, "Ya gudu ba takalmi? A kan wannan kwaltar? Kai dai Allah ya shirye ka!"

Ta je ta zauna daɓas a gaban rola da ludayinta a hannu, ta ce sai dai a bi ta kanta. Aiki ya tsaya cak. Sai dai kwalbatocin da aka rurrufe a ranar sun fi goma, ba ta san wanne ya shiga ba. In ita aka zaɓa, tunda jaririn namiji ne, ta ce sunan mahaifinta za a sa, ya ishe ta.

Na biyu Tanimu, mai zama a ofis yana kallon abin da kyamarori suka ɗauko. Ko sallamarsa leburori ba sa amsawa, suna ce masa Idon Manaja. Shi ya rubuta sunan Mudi sau biyun nan, har bawan Allah ya ji tsoron zama a fili. Doka ta hana shi buɗe hoton da ya wuce sai da izinin manya. Da ya ji kururuwar Kande, ya buɗe. Ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya, har ya hango tafin ƙafa biyu a bakin rami, ta kyamarar bayan wata tifa. Ya fito da gudu yana ihu, "Na bakwai! Kwalbati na bakwai!" Kafin magariba an sallame shi daga aiki.

Na uku Barau, direban tifar. Akwai ɗan allo a gabansa mai nuna masa bayan mota, amma hularsa yake ratayawa a kai, wai shekara ashirin yana ba da baya ba da talabijin ba. Da ya ɗaga hular nan, da ya ga ƙafafun. Amma da aka ce na bakwai, shi kaɗai ya san yadda lodinsa ya zube. Da shebur za a tona, da an kai la'asar, Mudi kuwa numfashinsa ba zai kai ba. Manaja na cewa kada wanda ya taɓa inji, Barau ya ture shi, ya haye katafila, ya dinga kwasar ƙasa a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, bai fasa bututun ba. Ya zura kai ciki, ya jawo Mudi ta ƙafa, ya kai shi asibiti a tifar da ta binne shi.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Lantana ta ce manajan nan ya tara manyansa yana washe baki, wai kyamararsu ta ceci rai. Kyamara ce ta zauna gaban rola? Kyamara aka kora daga aiki? Wa ya tura yaron cikin ramin tun farko?

Washegari da safe na ɗauki sandata na tafi har bakin aikin. Maigadi ya ce manaja ba ya nan. Na ce ba komai, ai idonsa na nan. Na tsaya ƙarƙashin ƙarfen, na ɗaga kai na ce, "Kai mai kallo, kalle ni da kyau. Ɗan mutum ba inji ba ne. Ku kafa musu rumfa, ku mayar da Tanimu, ku ji tsoron Wanda yake ganinku ba da waya ba." Na zauna a ƙasa, na tashi, sau uku, na ce su kore ni.

Yanzu ga Lantana can ta nemi shawarata tana jiran amsa, an riga an ɗaure rago. Kowannensu da hannunsa a binne Mudi, kowannensu da hannunsa a tono shi. Ba don Kande ba, ba wanda zai nema. Ba don Tanimu ba, ba a san inda za a tona ba. Ba don Barau ba, gawa za a tono.

To, ku da kuka yi boko, kada wanda ya ce mini duka ukun, yaro suna ɗaya ake raɗa masa. Wane ne a cikinsu ya cancanci takwara?